Sama Muke So, Amma Ba Yau Ba

Mu Kiristocin da aiki ko aure ko neman abinci ya jefo Gidimuni, tabarma biyu ta ishe mu, har a samu gefen ajiye takalma. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar kaf ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To, ka ɗauki wannan ɗan abin ka raba wa Yamai da Maraɗi da Dogon Dutsi da Damagaram, sannan ka duba me zai rage wa garin da ke kusan kilomita 70 gabas da Damagaram, a bakin kwaltar da ta nufi Gure da Difa. Mu ne abin da ya rage. Akwai mushen lakwal, wato malamin makaranta, da aka turo daga wajen Maraɗi, akwai madam ta gidan likita mai karɓar haihuwa, akwai wani makanike baƙo da ya iya Hausa har da baƙar magana, akwai Inna da jikokinta, da 'yan matan aure, sai Baba mai lambu, wanda ya riga kowa zuwa, yana kuma cewa sai ya raka kowa tasha.

Komai namu nesa yake. Fasto nesa. Majami'a mai benci da ƙararrawa nesa. Dangi nesa, maƙabarta ma nesa. Ina jin shi ya sa ba maganar da ta zauna a bakinmu kamar "Allah yana kusa." Wata ya yi nisa, albashi bai faɗo ba: Allah yana kusa. Mota ta mutu da mu bayan Mirya, rana tsaka, ba inuwa: Allah yana kusa, mai gyara ne dai ke nesa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, gari ya waye ya nemi koko: ba mun faɗa ba, Allah yana kusa. Har faɗa muna yi da ita. Ranar da aka ɗauke wa Inna zakaran da take kiwo don Nowel, ta fito ƙofar gida ta ɗaga murya yadda layin duka zai ji, ta ce ita ba ta zargin kowa, amma Allah yana kusa. Kowa ya gane ba kusa da ita take nufi ba. Kusa da tukunyar da zakaran ya shiga take nufi.

Maƙwabtanmu Musulmi ba sa jin maganar baƙuwa ce, don su ma tasu ce. Alhajin da yawancinmu ke haya a gidajensa, in ya ji an faɗa, sai ya ce, "Ai kuwa, Mushe, ya fi komai kusa." Mu da su bakinmu ɗaya a gaisuwa da barka da ta'aziyya: in Allah ya yarda, Allah ya kiyaye, Allah ya raya, Allah ya ba da haƙuri. Baƙo zai wuni a fadar shayi bai gane wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa sujada ba, sai an kira la'asar ya ga an miƙe an bar mutum ɗaya yana fifita gawayi. Wannan mai fifitar, namu ne. Inda hanya ke rabuwa shi ne in muka ƙara da cewa kusancin ya kai har Allah ya zo cikin jiki, aka haife shi, ya ji yunwa, ya gaji da tafiya, ya zauna bakin rijiya ya roƙi wata mata ruwan sha. Nan Alhaji kan girgiza kai ya ce, "Subhanallahi, Mushe, wannan kam ku da shi," ya miƙo kofi na biyu. Ba a taɓa ƙare gardamar ba, ba a kuma taɓa barin shayi ya huce saboda ita ba.

Ranar Lahadi a zauren Madam muke taruwa. Littafin Waƙoƙi biyu gare mu, ɗaya ba bango, an ɗaure shi da robar taya, kuma shafin da aka fi so ya yi baƙi da man hannu har ba ya karantuwa, ko da yake ba mai buƙatar karanta shi. Mata na buga tulu da caki. Mai bishara yakan zo daga Damagaram a kan babur in hanya da kuɗin mai sun yarda. In bai zo ba, Mushe ya yi wa'azi, kuma yakan manta ba a aji yake ba, sai ka ji ya tsaya ya ce, "Wa zai maimaita abin da na faɗa?" Littafi Mai Tsarki kuwa iri-iri: Mushe da na Faransanci, samari da na cikin waya, Baba da tsohuwar fassara, irin wadda aka fara bugawa cikakkiya da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya sa hannu a ciki. Baba ya ce sabuwar ta yi ruwa-ruwa, in Allah zai yi magana to ya yi ta da Hausa mai nauyi. Baiko a kwanon sha ake karɓa, ƙarar da ke tashi kuma ta ishe ka sanin cewa ba takardar kuɗi a ciki. Mun ƙware wajen sakin dala biyar da ƙarfi yadda za ta yi ƙarar dala ashirin.

Ƙarancin nan ba yau ya fara ba. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, tun garin yana babban birnin mulkin Faransa a Nijar, kafin a mai da kujerar Yamai a 1926. Suka yi shekaru suna wa'azi a gindin ganuwar Sarki Tanimun, waɗanda suka bi su ba su taka kara sun karya ba. Can yamma, a Tsibiri kusa da Maraɗi, abin ya fi kama ƙasa. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja a 1956, ikilisiyar EERN kuma ta tsiro daga wannan aikin wajen lokacin samun 'yancin kai. 'Yan'uwanmu Katolika bishop ɗinsu yana Maraɗi, a diyosis ɗin da aka kafa a 2001, wanda ya haɗa har Agadas da Difa. Ka ji faɗin gonar mutum ɗaya. Shekara ɗari ke nan, mun saba da zama kaɗan, wanda ya saba da zama kaɗan kuwa labaran da yake so a Littafi daban ne.

Mu ba mu cika zumuɗin Sulemanu da haikalinsa ba. Tamu ita ce Hajaratu: baiwa, an sallame ta da ɗanta, ruwan salka ya ƙare a jeji, ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, sai Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe mata ido ta ga rijiya. In ana karanta wannan a zaure ko tari ba ka ji. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas da bazara ya san abin da ake nufi da ruwa ya ƙare. Inna kullum wuri ɗaya take tsayawa: rijiyar fa tana nan tun farko, kuka ne ya rufe wa matar ido. Madam kuma ta ce ita ba wannan ya kama ta ba. Abin da ya kama ta shi ne muryar yaron aka ji, yaron da bai iya tsara addu'a ba. Ta ce a ɗakin haihuwa ita ma kukan nan take jira, in ya fito sai ta ji kamar an amsa mata sallama.

Sai batun jinƙai, inda halinmu ya fi fitowa fili. Muna son jinƙai ƙwarai, in mu za a yi wa. In mun je saye, a cika mana tiya har ta yi tsororo, a ƙara da gyara. In mu ke awo, sai mu bi bakinta da tafin hannu mu share. Haka muke da gafara.

Ranar da mai bishara ya karanta misalin mai gonar inabi a Matiyu sura 20, wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago tun asuba, ya ƙara wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu dab da faɗuwar rana, ya kuma biya kowa daidai, Baba bai bari an kai amin ba. Shi mai ɗaukar 'yan ƙwadago ne lokacin dashen albasa da saran rake. Ya ce, "Malam, dakata. Wannan mutumin in a Gidimuni yake, gobe ba mai zuwa masa da asuba. Kowa zai kwanta abinsa, sai la'asar sakaliya ya taho da hauya a kafaɗa."

Mai bishara ya ce, "Baba, ai ba maganar lambu ake yi ba, maganar alherin Allah ake."

Baba ya ce ya sani, amma ko a alherin ma a riƙa duba wanda ya sha rana. Muka yi ta dariya, a ciki kuwa kowa yana bayan Baba. Duk mun ɗauki kanmu 'yan asuba. Ba wanda ya taɓa zama a zauren nan ya ce shi ne ɗan la'asar ɗin da aka yi wa gata. Inna ce kawai ta gyara ɗankwali ta ce, "Baba, kai da aka yi wa baftisma da furfura, ƙarfe nawa ka shigo gonar?" Ya ce a ci gaba da karatu.

Haka ɗan nan da ya karɓi rabonsa na gado ya tafi ya cinye, ya dawo uban ya tare shi da gudu. A cikin Littafi muna son sa. A gida kuwa mun san shi da suna. Shi ne ƙanen da ya sa aka sayar da sa da amalanke, ya hau motar Agadas zai tsallaka Libiya ko Aljeriya, ya shekara uku ko waya babu, ya dawo da leda ɗaya da tari. Gidaje da yawa a yankin nan, na Musulmi da na Kirista, suna da irinsa. Uwa takan yanka kaza. Wan kuwa, wanda ya yi noman shekara uku da hannu saboda babu sa, sai ya koma bayan gida yana gyaran abin da bai lalace ba. In ka ce ya shigo a ci, ya ce ya ƙoshi. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba, na kuma lura Yesu bai faɗi ko wan ya shiga ko bai shiga ba. A ƙofar gida ya bar labarin, uban yana lallashi. Mu ma galibi nan namu yake tsayawa, sai in wata gwaggo ta zo ta ja kunnen kowa.

Duk wannan wasa ne in aka gwada da ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015. Bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar fushi kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe a Damagaram. Aka cinna wa majami'u wuta, da gidaje da shagunan Kirista, da cibiyar al'adun Faransa. Washegari abin ya koma Yamai. Cikin kwana biyu mutum 10 suka mutu, a Yamai kaɗai 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona. Ɗaruruwan 'yan'uwanmu a barikin soja na Damagaram suka kwana. Mutane ne da ba su taɓa ganin jaridar ba, wasu ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba. Mu na ƙauye muna riƙe da waya, kowa na kiran nasa, tana shiga ba a ɗauka. A wannan yinin ba wanda ya ce Allah yana kusa da irin muryar da muke faɗa in mota ta mutu. Waɗanda suka faɗa, da tambaya suka faɗa.

Amsar da aka samu ta hannun mutane ta zo. Akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka shigar da maƙwabtansu Kirista ɗaki, suka ɓoye su har ƙura ta lafa. Shugabannin ikilisiya, na Katolika da na bishara, suka ce kada a rama, a yafe. Aka yafe, a baki dai tun makon farko. A zuciya kuwa kowa da ranarsa, wasu har yau suna hanya, don wasu sun gane fuskoki. Yafe wa taron da ba ka san kowa a ciki ba abu ne. Yafe wa yaron da ka san uwarsa, wanda gobe za ka sayi gawayi a hannunsa ka ce masa ina gajiya, wani abu ne daban. Ban ga dalilin da za a gaggauta wa mai irin wannan ciwo ba, masu wa'azin da suka fi saurin cewa a manta kuma yawanci ba nasu ɗakin ya ƙone ba.

Abin dariyar shi ne, mutanen da suka iya buɗe baki suka ce sun yafe ƙona majami'a, su ne ba sa yafe zubin adashe. Matanmu biyu sun daɗe suna zama tabarma ɗaya, suna jan waƙa ɗaya, ba sa gaisawa, a kan jika biyu. Ranar Jibin Ubangiji, da mai bishara ya ce duk mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je ya shirya tukuna, sai ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, ɗayar kuma yaronta ya ji fitsari. Aka yi nasiha, aka yi addu'a, Mushe har lissafi ya yi musu a takarda, a banza. Abin da ya sasanta su naƙuda ce. Ta kama ɗaya da tsakar dare, mijin yana Gure, wadda katangarsu ɗaya kuwa ita ce abokiyar gabar. Ita ta riƙe ta har gidan likita, ita ta dafa ruwan zafi, ita ta dama kunun kanwa. Jika biyun dai har yau ba a biya ba, sai dai yanzu cikin raha ake ambatonsu.

Da maƙwabta kuwa kwano ne ke yawo. Nowel ranar hutu ce a Nijar, haka Litinin ɗin bayan Ista, Alhaji kuma ba ya gajiya da tsokana: "Ku 'yan kaɗan kun zaunar da ƙasa duka." Ragonmu ko akuyarmu ta Nowel, Musulmi muke kira ya yanka, don kada kwanon da muka aika ya dawo yadda ya tafi. Da Layya kuma nama ya shigo mana ta kowace ƙofa. A cikinmu akwai masu cewa bai kamata a ci naman Layya ba, suna da ayoyinsu, masu ci ma suna da nasu. Na dai lura gardamar ta fi zafi kafin a soya.

In kana son sanin abin da mutum ya rasa a duniya, tambaye shi yadda sama take. Wanda ya tashi a Damagaram, garin da ya daɗe yana fama da ƙishirwa, inda ake jera jarkoki tun dare a bakin famfo, 'yan garuwa kuma su yi sarauta da bazara, samansa famfo ne da ba ya yankewa. Mushe ya ce shi dai wurin da ba afektasiyo, wato canjin wurin aiki, ka dasa itace ka zauna har ka ci 'ya'yansa. Madam ta ce wurin da ba mai buga ƙofa ƙarfe biyun dare, ba macen da za ta cika a bayan mota kafin a kai Damagaram. In ta faɗi wannan ba ta dariya, mu ma ba ma yi. Makanikenmu ne kaɗai ya shiga damuwa da ya ji titin birnin sama na zinariya ne, ba rami ba ƙura. Ya ce to shi da wace sana'a zai ci abinci?

Mu na Gidimuni ba mu cika shan wahalar kwatance ba. Mutum ya taho ta tudu, ido ya gaji da rairayi da ƙaya, sai ya gangaro ya ga tafki kwance, ga dabino, ga rake, ga rogo, ga fangalin kabeji da albasa kore shar. Baturen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya ratso nan a watan Disamba 1852 daga Kukawa ta Barno, ya rubuta mamakin ganin ruwan daɗi da ruwan kanwa suna maƙwabtaka, ya isa Damagaram ranar 25 ga wata, ranar Nowel. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Don haka in aka karanta ƙarshen Wahayi, inda ake maganar kogin ruwan rai da itacen da ke ba da 'ya'ya kowane wata, yaranmu ba gajimare suke tunani ba, fadama suke tunani. Baba har lissafi ya yi. Dabinon yankin nan akwai mai haihuwa sau biyu a shekara, to wanda zai yi sau 12 fa? Ya ce farashi zai faɗi warwas. Inna ta ce ai ba kasuwa a can. Ya yi shiru, can ya ce to wannan sai ya gani da idonsa. Abin da aka yarda a kai baki ɗaya shi ne fadamar can ba sauro, ba rairayin da ke cin lambu, ba bashin iri.

Akwai tambayar da ba mu so yara su yi, su kuma ita suka fi so. Inna da Hajiya, uwargidan Alhaji, sun shekara da shekaru suna daka a turmi ɗaya. Da 'yar Inna ta haihu, Hajiya ce ta tsaya mata a wankan jego. Wata Lahadi ana cikin maganar sama, sai jikar Inna ta ja mata zane ta ce, "Kaka, Hajiya ma za ta je?" Zaure ya yi tsit. Mai bishara ya amsa yadda ya gaskata, bai yi kwana-kwana ba: ceto ta wurin Almasihu yake. Mushe ya kawo ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ya samu shiga a numfashin ƙarshe, ya ce abin da ke gudana tsakanin mutum da Mahaliccinsa a wannan sa'a ba a gaban shaidu ake yin sa ba. Baba ya ce shi ba a ba shi makullin ƙofar can ba, ko na zauren nan ma ba a ba shi. Inna ba ta ce uffan ba.

Mun dai san kowane dare sai ta ambaci Hajiya da suna a addu'a. Abin da ya fito daga baya shi ne Hajiya ma haka take. Ita da bakinta ta faɗa wa Madam cewa duk azumi, a goman ƙarshe, sai ta roƙa wa Inna shiriya, don ba ta son mace mai kirki irin wannan ta yi asara. Kowacce na tausayin 'yar'uwarta, kowacce na kai sunanta gaban Allah a ɓoye, da safe kuma su haɗu a kan aron rariya da tsegumin surukai. Samari na ganin abin dariya ne. Ni a ganina ba ƙaunar da ta fi wannan nauyi a layinmu.

Duk da haka, ba mai gaggawar tafiya. Waƙoƙin zuwa gida su muka fi rerawa da ƙarfi, Baba ke jan baki, ido rufe, hannu sama, wai ya gaji da duniya. Da ciwon ciki ya kayar da shi da damina, muka taru a kansa muna addu'a. Mushe ya ɗauko: in nufin Ubangiji ne ya kira bawansa ya huta... Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Mushe, bar wannan layin. A nemo mota." Aka kai shi Damagaram. Da ya ji ana maganar yi masa aiki, ya ce ko Galmi ne, tafiyar yini guda, a kai shi, a sayar da rakensa tun yana tsaye a gona. Ya warke, ya dawo, Lahadin farko ya ja waƙar nan dai tasa, ido rufe, hannu sama. Ba wanda ya tanka, sai Inna da tari ya sarƙe.

Ni ban ga munafunci a nan ba. Manzo Bulus da kansa ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin tafiya da zama. Begen sama bai hana mutum son hura mai sanyi da ganin auren jikarsa ba. Inda begen ke aikinsa na gaske shi ne ranar da aka yi rashi. Mu da waƙa muke raka namu, abin da ke ba maƙwabta mamaki, wasu har su ga kamar ba mu ji zafin ba. Mun ji. Murya tana rawa, ana share hawaye da bakin zane, amma ba a fasa, domin waƙar ce ke riƙe da ƙafafun uwar da ke tsaye bakin ramin ɗanta. Ba ma ce wa mamaci sai wata rana don daɗin baki. Mun gaskata za a sake gamuwa, fuska da fuska, kowa ya gane nasa. Maƙwabta kan zo su cika ƙofar gida, su zauna a tabarma, su ce Allah ya ba da haƙuri, matansu su shigo da tuwo ba tare da an tambaya ba.

Sai dai kafin a kai ga waƙar akwai gawa, gawa kuma ba ta jira, balle da zafin watan Afrilu. Musulmi cikin 'yan awoyi sun yi wanka sun sallace sun rufe. Mu kuwa a lokacin muke buga waya: a kai shi Damagaram ne ko garinsu? Wa ke da mota? Wa zai haɗa akwati? Fasto zai samu zuwa? Nan ake sanin cewa dala biyar-biyar ɗin kwanon sha ba ta kai mutum ko Mirya. Shi ya sa muka zauna muka ce a kafa asusun rasuwa, kowa ya riƙa zubi wata-wata. Ba wanda ya ƙi. Rigima ta tashi ne a kan wa zai riƙe kuɗin.

Aka ce Mushe, aka tuna takardar canjin wurin aiki na iya zuwa ko gobe, ya tafi da mu a aljihu. Aka ce Madam, ta ce a rufa mata asiri, gidanta ba ya rabuwa da masu larura, ita kuma ba ta iya cewa babu. Makanike ya miƙa hannu da kansa, wannan ma ya isa dalili. Baba kowa ya san irin albasa zai saya da su, ya ce zai mayar bayan girbi. Matan adashe kuwa ba wanda ya yi gigin ambata. Muka yi ta zagaye har rana ta take, mu masu wa'azin amana da ƙaunar juna. Ƙarshe Inna ta ce, "To a kai wa Alhaji mana."

Alhaji ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ce ya karɓa da sharaɗi ɗaya: kada a zo masa da maganar rance, ko Baba ne ya zo yana kuka. Akwatin yana ƙarƙashin gadon Hajiya, makulli a wurin Madam, littafin lissafi a hannun Mushe. Zubi dala ɗari ne a wata, tun wata na biyu kuma aka fara bin mutum uku bashi.